Zane Uku a Bayan Ambulan

Ni dai ban shiga kwas ɗin haɗa magani don kishin al'umma ba, kada in yi muku ƙarya. Farar riga na gani a jikin wani maƙwabcinmu a Ɗorayi, ta ba ni sha'awa, shi ke nan. Sai da na shiga na gane ashe tsoro na saya wa kaina. Malamin da ke koya mana awon magani bai taɓa fita daga aji bai tuna mana cewa ƙwaya ɗaya tana iya kai mutum kushewa ba. Mu haddace sunaye masu karya harshe, mu auna gari a ɗan mitsitsin sikeli, ko numfashin kirki ba ma yi.

A shekara ta biyu aka tura ni aikin gwaji na wata uku a ɗan asibitin wata masaƙa a Sharaɗa. Ɗaki biyu ne da taga. Mai kula da ni wani tsohon disfensa ne da kowa ke kira Malam, mutum mai ƙarancin magana da yawan harara. Shi ke sa hannu a littafin aikina, kuma in bai sa ba, to kwas ya ƙare, sai in koma gida in san abin da zan gaya wa mahaifina.

Yawancin ma'aikatan ba sa karanta boko, don haka zane muke yi musu a bayan ambulan ɗin magani. Zane biyu, safe da yamma. Zane uku, safe da rana da dare. Na iya wannan tun makon farko, har ina jin kaina.

Azumi ya faɗo a tsakiyar bazara a shekarar. Ran uku ga wata Malam ya tafi jana'iza, ya bar ni a taga. Likita ya ga wani dattijo, mutumin Damagaram, da ke aiki a injin da ke matse yadi bayan rini, ya rubuta masa maganin ciwon suga, ƙwaya ɗaya sau uku bayan abinci. Na ƙirga, na zuba, na ja zane uku raɗau, na ɗaga masa yatsu uku. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa mini albarka. Ban tambaye shi komai ba. A makaranta ba wanda ya taɓa ambaton azumi.

Washegari da safe wani direba ya zo karɓar maganin tari. Malam bai ko ɗago ba ya ce masa, "Kana azumi?" Direban ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ai mu nan duk abin da kuka zana, da sahur muke haɗa shi mu kora da kunu. Wa zai karya azumi saboda ƙwaya?"

Innalillahi! Ƙwaya uku na sauke suga a tashi ɗaya, sannan mutum ya wuni ba ci ba sha, a tsaye gaban inji, cikin wannan zafin. Darasin na nan a littafina, ni na ja masa layi da jan biro: zufa, rawar jiki, jiri, suma.

Ga abin da ban taɓa gaya wa ko matata ba. Ban yi magana ba. Na kalli littafin aikina a kan teburin Malam, na kalli Malam, na ci gaba da ƙirga ƙwayoyi. Ina ce wa kaina wataƙila dattijon bai yi azumi ba, wataƙila ya manta bai sha ba, wataƙila yau aikin yamma gare shi. Sau uku ina ƙirga ashirin tana ɓace mini. Duk ƙarar da na ji daga cikin masaƙa sai in ɗago kai. Agogon bango yana gabana, ina kallonsa, awa guda cur na yi a haka don tsoron harara da sa hannu.

Daga ƙarshe bakina ya buɗe da kansa. "Malam, jiya da ba ku nan na yi ɓarna."

Ya saurara har na gama. Bai zage ni ba, wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya dumbuzi sukarin shayinsa ya zuba a kofi da ruwa, ya miƙo mini, ya ce, "Bi ni, kada ka zubar." Ban taɓa ganin tsohon nan yana gudu ba sai ranar.

Tun kafin mu isa sashen rini na ji an kashe inji. A masaƙa ba a kashe inji da rana tsaka don alheri. Mutane sun yi da'ira, helma, wato shugaban ma'aikatan sashen, yana ta ihu a kawo mota. Dattijon yana zaune a ƙasa, rigarsa sharkaf da zufa, idonsa bai san inda yake ba, an naɗe masa hannun dama da yadin da suke rinawa. Jiri ne ya ɗebe shi, ya kai hannu zai dafa, ya dafa inda ba a dafawa. Helma ya ce ko minti goma ba a yi ba.

Minti goma. Ni kuwa na san yawan mintin da na yi ina ƙirga ƙwayoyi.

Ko a hakan da aka kai masa kofi baki sai ya kawar da kai, yana cewa yana azumi. Malam ya durƙusa ya ce, "Baba, ku sha, Allah bai ɗora wa marar lafiya ba, kwa rama daga baya." Sannan ya sha.

Malam ya sa mini hannu a ƙarshen wata ukun. Abin da ya ce kawai shi ne shi ya kamata ya faɗa mini maganar azumi kafin ya bar ni a taga. Yana zaton ina jin maganar direba na gane na faɗa. Bai san da awa gudan nan ba, ni kuma ban iya gaya masa ba.

Bayan salla dattijon ya dawo, an mai da shi gadi a ƙofa, yatsu biyu sun tafi. Ya zo taga karɓar maganinsa. Na yi masa bayani sau biyu, na tambaye shi ko zai yi ramuwa, na ce ya fara ganin likita tukuna. Na miƙa masa ambulan. Ya ɗago hannun dama, ya tuna, ya mayar da shi, ya miƙo ɗayan.

"Yi haƙuri da hagu, ɗana," ya ce. "Allah ya yi maka albarka, an ce kai ka rugo mini da ruwa."