Goggon da Aka Ce Ta Mutu

A ƙarshen gonarmu ta Zoza, inda ƙasa ta gangara zuwa rafi, akwai wani kango tsakanin kukoki biyu. Da shi ake tsorata mu tun muna yara. Kakata, mahaifiyar babanmu, takan ce aljana ce a ciki, duk wanda ya leƙa bakinsa zai karkace. Wani lokaci da la'asar, idan iska ta juyo, sai mu ji wata siririyar waƙar Fillanci daga can, har shanu su ɗaga kai. Amma ita kakar kullum da hantsi sai ta ɗauki ƙwaryar fura ta nufi wajen. Wai sadaka take kaiwa don kada a taɓa mana dabbobi.

Ina da shekara goma sha bakwai, tsakiyar damina, ƙafarta ta kumbura. Kwana biyu ba ta tashi ba. Na same ta tana kallon ƙwaryar tana hawaye. Ban tambayi kowa ba, na dama fura na ɗauka.

Da na isa, na zagaya katangar da ta rushe. Sai na ga tsakar gida a share tas, ga kuɓewa an shuka, ga wata mace zaune a kan buzu. Yatsunta sun guntule, hancinta ya lotsa. Da ta buɗe baki na ga wushirya irin ta babanmu sak.

"Tsaya nan, kada ki matso," in ji ta. "Ke 'yar wa ce?"

Na faɗa mata. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

"Ni na goya shi," ta ce.

Yayar babanmu ce, ciki ɗaya. Fiye da shekara ashirin da suka wuce kuturta ta kama ta, sai aka ce wa dangi rafi ya tafi da ita. Har zaman makoki aka yi. Tana jin koke-koken daga inda take. Na matsa kusa da ita, muka sha furar tare.

Na iske Baba a zaure yana tufka igiyar shanu.

"Baba, Goggo tana gaishe ka."

Hannunsa ya tsaya. "Ba ki da goggo."

"Ina da ita. Na ci abinci da ita a ƙwarya ɗaya."

Ya miƙe. Ya ce in maganar ta fita ba mai sayen nonon gidan nan, ba mai neman aurena ko na ƙannena. Na ce to kada su saya. Ya ɗaga hannu.

"Doke ni, Baba. Gobe ma zan je."

Bai doke ni ba. Ya koma ya zauna, bai sake kallona ba har damina ta wuce, kaka ta yi.

Na taɓa ji a rediyo cewa yanzu cutar tana da magani a asibiti. Ranar kasuwa na ɗora Goggo a kan jaki, muka bi ta tsakiyar gari da rana tsaka. Ta so ta rufe fuska, na janye mayafin. Duk wanda ya tsaya kallo sai in ce, "Goggona ce, ka gaishe ta." A bakin hanya direbobi suka ƙi ɗaukar mu, muka ƙarasa asibitin garin Rogo a kan jakin.

Abin da Baba ya faɗa ya faru. Aka daina sayen nononmu kusan shekara guda, saurayin da ke zuwa mini daga Yammedi ya ɗauke ƙafa. Ban yi masa kuka ba. Yatsun Goggo ba su dawo ba, amma gyambunan sun warke. Da na yi aure a Karaye, sharaɗina ɗaya ne, na tafi da ita.

Bayan shekara shida Baba ya zo. Ya tsaya a ƙofar ɗakinta da takalma a hannu, ya kasa yin sallama. Goggo ta daɗe tana dubansa.

"Shigo mana," ta ce. "Kai ma ka tsufa."