Gwangwanin Shayi Mai Hoton Jirgi

Shekarar da nake faɗi ita ce wadda Nasaran Faransa suka ɓata da Nasaran Ingilishi, aka rufe hanyar Katsina. Ban san lambarta ba, don lokacin ban iya rubutu ba, sai yanzu da furfura ta fito nake zama ajin manya. Amma duk wanda ya zauna tsohon garin Maraɗi na cikin fadama, kafin gulbi ya cinye shi, ya san ta. A shekarar ne aka shigo da wani mai jakai ta tsakiyar kasuwa, ɗaure a bayan jakinsa, kansa yana lilo, jini ya bushe a rigarsa. A daji aka harbe shi yana ɗauke da turamen yadi daga ƙasar Ingilishi. Aka zaga da shi rumfa rumfa don kowa ya gani.

Na matsa kusa na dube shi da kyau, har na tabbata ba yayan matata ba ne. Shi ma aikinsa ke nan. A Jiratawa yake zaune, yana da jakai huɗu, ya san hanyoyin dajin da soja ba su bi. A unguwarmu ni da matata kaɗai muka san haka.

Ni majemi ne, fatun jajayen awakinmu nake jima. Shekara biyu kafin a rufe hanya na shirya kai fatu Kano, matata ta ce sai ta bi ni, tana da gwaggo a Fagge da ba ta gani ba tun tana ƙarama. Kwana goma sha ɗaya muka yi can. Fatun kwana biyu suka yi a hannuna, sauran kwanakin duk kallo ne. Muka hau Dala, ta duba gabas ta duba yamma, gidaje ba iyaka, ta ce, "To su waɗannan ina suke noma?" Muka ga gyaɗa an tara ta buhu kan buhu har ta fi rimi tsawo. A bakin famfo ta murɗa ta rufe, ta murɗa ta rufe, har mai tsaron wurin ya ce, "Baiwar Allah, in ba ɗiba za ki yi ba, ba mutane wuri." Da jirgin ƙasa ya yi kuka a tasha ta damƙe hannun rigata a gaban jama'a, abin da ba ta taɓa yi ba.

Nan bakin tasha wani mai tebur ya zuba mana shayi da madarar gwangwani, ya yanka burodi. Ta tsoma, ta ci.

Can ta ce, "Maigida, wannan ko a gida ana iya yin shi?"

Muka dawo Maraɗi da gwangwanin shayi mai hoton jirgin ruwa, da kofuna biyu farare masu shuɗin baki, da ɗan cokali, da ƙullin sukari.

Tun daga nan kowace Juma'a, in na dawo masallaci, sai in tarar ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu. Madarar akuya ta tsaya a madadin ta gwangwani, masa ta tsaya a madadin burodi. Ta kan ɗaga kofi ta ce, "Jirgi ya iso, a ba shi hanya." Mu sha muna tuna mai tsaron famfo. A wurinmu kuwa ba a dafa abin da ƙamshinsa ya tsallake danga a hana maƙwabta, saboda haka ƴar ƙwarya ɗaya takan tafi wurin tsohuwar da muke haɗa danga da ita, ɗaya gidan liman. Unguwa duka ta san shayin Kano.

Aka rufe hanya, gwangwani ya ƙare. Matata ta tafi Tibiri gaida dangin uwarta, ta dawo da ƙullin wani ganye da ta saya wurin wata tsohuwar Ba'azna mai magani, cikin masu bin addinin gargajiya. Ta soya shi a kasko har ya yi baƙi, ta daka citta da kanumfari kaɗan ta haɗa, ta zuba a gwangwanin ta rufe. Zuma ta maye gurbin sukari.

Ta ce, "Kada ka faɗa wa kowa. Su ba su san wani shayi ba sai nawa."

Ban faɗa ba. Abin da na yi ya fi faɗin muni. A majema, in abokan aiki suna kukan babu sukari, babu yadi, babu komai na Kano, sai in ce, "Mu dai gidanmu Juma'a ba ta wucewa ba a sha shayin Kano ba." Sau biyu ko uku na faɗi haka, ina dariya. Har yau ban san bakin da ya kai maganar bariki ba.

Da hantsi suka zo, soja uku masu jar dara, na kumandan, Nasaran da ke mulkin gari. Hannuwana suna cikin ruwan bagaruwa, na jiƙa fatu sittin a kwatarniya. Ban ji sallama ba, sai gindin bindiga a ƙeyata. Na faɗa da fuska cikin ruwan jima. Ɗaya ya kama wuyan rigata ya ɗago ni, ya buga mini gwiwa a baki. Na tofar da haƙori biyu. Suka sa mini igiya a wuya suka ja ni har gida, mutane suna shigewa zaure suna leƙe.

Babbansu dogo ne, yana da tabo a leɓe. Ya tsaya tsakar gida ya ce, "Ina kayan Ingilishi?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, babu."

Suka shiga ɗaki. Suka soke katifar ciyawa da wuƙar bindiga, suka farfasa tukwanen jere ɗaya bayan ɗaya, suka fasa randa ruwa ya malale tsakar gida. Suka huda cikin rumbu gero ya zubo cikin laka. Ɗaya ya fito da gwangwani da kofunan, yana ɗaga su sama.

Matata tana da ciki wata huɗu lokacin. Ta tare gabansa ta ce, "Ganye ne, wallahi. Buɗe ka gani. Ganyen Tibiri ne, ni na soya shi."

Babban ya karɓa, ya duba hoton, ya ce, "Yaushe Tibiri ta yi jirgin ruwa?"

Sauran suka yi dariya. Ta miƙa hannu za ta buɗe murfin da kanta. Ya hankaɗe ta da bindiga a kwance, da hannu biyu. Ta yi baya ta faɗa kan turmi, gefen cikinta ya bugi bakinsa. Ba ta yi kuka ba, ta dunƙule kawai a ƙasa. Na yunƙura, aka fizgi igiya, na faɗi. Babban ya jefar da kofi ɗaya ya taka shi da takalmi har ya lotse. Ɗaya kofin ya mirgina ƙarƙashin rumbu, ba su gan shi ba.

A kaso, kurkukun bariki, abu ɗaya suke so, sunan mai kawo kaya. Sun yi lissafinsu: hanya a rufe wata da watanni, gwangwani cike, ashe akwai mai tsallakawa.

Ranar farko bulalar dorina ce. Suna tsoma ta a ruwan gishiri kafin kowane bugu. Aka ɗaure ni a jikin turken doki, rigata a yage.

"Wa ke kawo maka?"

"Ranka shi daɗe, ba kowa."

"Majemi, kai da ka san fata. Taka nawa za ta ɗauka kafin ta yi laushi?"

Na ƙirga har ashirin da wani abu, daga nan ƙirga ta ɓace mini. Da rana ta take suka sa ni durƙuso a kan tsakuwa, dutse a hannu biyu bisa kaina. In hannu ya sauko, dorina ta sauka.

Rana ta biyu babban ya jawo kujera ya zauna gabana yana cin goro. Ya yi ta kiran masu fatauci na gari, ina cewa ban sani ba. Can ya tofar da tuƙa ya ce, "Yayan matarka fa, na Jiratawa, mai jakai?"

Na ce, "Tukwane yake kai wa kasuwa. Duk Jiratawa aikinsu ke nan."

"Jakai huɗu don tukwane?"

"Tukwane suna cin wuri, ranka shi daɗe."

Ya sa aka shimfiɗa hannuna na dama bisa wani kututture. Ya ce, "Ka ce i kawai. Ba sai ka faɗi suna ba. Ka ce i, ka tahi gida ka duba matarka, na ji an ce ba ta tashi ba."

Gindin bindiga ya sauka kan ƙaramin yatsa. Na ji ƙarar ƙashin kafin in ji zafin. Ya jira. Ya sauka kan na kusa da shi.

Ba zan ce jarumta ta riƙe ni ba. Kalmar ta zo har bakin haƙorana, sau biyu. Ina buɗe baki sai in ga mutumin nan da aka zaga da shi kasuwa, kansa yana lilo, sai fuskar ta zama ta yayanta. In na ce i, da shi za a zaga, kuma ni zan koma gida in zauna tabarma ɗaya da ƙanwarsa. Sai na rufe ido na shiga ƙirga taragun jirgin da muka gani a tasha, ina kai ƙarshe ina komowa farko. Yatsa na uku ban san lokacin da aka buge shi ba.

Abin da ya faru rana ta uku rabinsa na gani, rabinsa tsohuwar maƙwabciyarmu ta ba ni labari. Tun da safe matata ta tashi, tana dafa bango. Ta ɗauki kasko da murhu da sauran ɗanyen ganyen Tibiri, ta laluba ƙarƙashin rumbu ta ciro kofin da ya tsira. Tsohuwar ta ce, "Ɗiyata, ba ki iya tahiya." Ta ce, "Inna, riƙe mini murhun kawai." Suka zo bakin bariki suka zauna a rana. Ta hura wuta ta fara soya ganye.

Mutane suka taru, har da matar liman da ƴan unguwarmu. Soja ya zo korarta, ta ce ya doke ta nan in ya ga dama, ba ta tashi. Ƙamshin citta ya kai ofis. Wajen azahar Nasaran ya fito da mai fassara a bayansa. Aka fito da ni ma, ana jan igiya, don in ga abin da taurin kai ke jawowa.

Ta ce wa mai fassara, "Ka ce mishi shi buɗe gwangwanin da ke teburinshi, shi gwada da wanga. Shi ya san shayi, su ba su sani ba." Ta nuna sojan da haɓa. Sannan ta juya wajen matan unguwa ta ce, "Abin da nake aiko muku ke nan. Na Kano ya daɗe da ƙarewa."

Aka kawo gwangwanin. Ashe kwana uku ba wanda ya buɗe shi. Nasaran ya zuba kaɗan a tafinsa, ya sansana, ya duba na kasko. Ta tafasa ruwa ta zuba masa a kofin. Ya kurɓa, ya fesar a ƙasa, ya kama dariya har yana share ido. Ya yi magana.

Mai fassara ya ce, "Ya ce ko dokinshi ba ya shan wannan. A kwance majemi."

Gwangwanin bai dawo ba. An ce kayan Ingilishi ne, ya zauna ofis.

Muka kama hanyar gida mu uku, ni ina riƙe da hannuna, ita tana riƙe da tsohuwa. Muka wuce kasuwa. Can tsohuwar ta ce, "Ashe ganyen Azna muke sha muna sa miki albarka." Matata ta sunkuyar da kai. Tsohuwar ta ce, "To ni dai ya yi mini daɗi. Juma'a ina jiran ƙwaryata."

Ba mu kai ƙofar gida ba na ga jini yana bin dugaduganta. Kafin la'asar mata sun cika ɗakin, ni ina zaure maɗori yana jan yatsuna.

Bayan mako guda yayanta ya zo daga Jiratawa da tulu biyu da randa sabuwa. Ya ga hannuna ya ce, "Duk wannan a kan ganye?" Na ce a kan ganye. Ban faɗa masa an tambaye ni shi ba, ita ma sai bayan shekaru na faɗa mata. Na dai ce masa ya huta da daji, ya ji, ya koma ɗaukar tukwane da gaske. Yana nan da ransa, jikokinsa sun fi goma.

Da aka buɗe hanya shayi ya cika kasuwa, na sayo mata ƙulli. Ta dafa wa tsohuwa da gidan liman, ta zuba mini a kofin nan guda. Ita ba ta sha ba, kuma ba ta ƙara cewa jirgi ya iso ba.

Abin da ya tafi a kwana ukun nan: haƙori biyu, yatsu uku da ba su ƙara lanƙwasa ba, shi ya sa da hagu nake wannan rubutu. Fatu sittin da suka ruɓe a ruwan jima. Tukwane tara, randa ɗaya, rabin rumbun gero. Gwangwani ɗaya, kofi ɗaya. Ciki na wata huɗu, namiji.