Sunan Jikar Mama Lin

Abin da ya fara jan idona a kasuwar Tianxiu ba labule ba ne. Wata dattijuwa 'yar ƙasar Sin ce, zaune a lungun shagonta, hannu ɗaya a maƙogwaro, ɗaya riƙe da waya, tana wani gurnani a hankali kamar kurciya. Amma bari na faro muku daga gida.

Daga Kano zuwa Sanyuanli

Ana kiran assalatu muka bar gida, ni da Gwaggo Turai, ƙanwar babana, mai sayar da labule a Kwari. Ita ta san hanyar Sin kamar hanyar Wudil. Ni kuwa malamar yara ce a Islamiyyar unguwarmu, ban taɓa hawa jirgi ba. Muka yada zango a Addis Ababa, muka ci wani abincinsu mai tsami mai kama da sinasir. Washegari da rana muka sauka Guangzhou, gari mai gumi kamar bakin murhu. Direban tasi ya kai mu masauki a Sanyuanli, ɗaki ɗan tsukut a hawa na shida. Duk hanya ina leƙen 'yan mata da samari ƙarƙashin lema ɗaya.

"Rufe bakinki, Hadiza," in ji Gwaggo. "Sari muka zo, ba soyayya ba."

Xiaobei, ranar farko

Da safe muka shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa zuwa Xiaobei, inda za ka ji Hausar Kano da ta Maradi suna gaisawa a bakin titi. A nan, a kasuwar Tianxiu, na ga dattijuwar. Muryar namiji na fitowa daga wayarta, ita kuma tana maimaitawa, idonta ya ciko.

Na raɗa wa Gwaggo: "Wallahi masoyinta ne, teku ta raba su."

"Littattafan nan sun gama da ke. Mama Lin ce, a wurinta nake sari. Bari in gaishe da mai shago da yarensu. Nihao, laoban!"

"Hajiya! Sannu da zuwa! Kaya mai kyau, babu tsada!"

Hausarta ta kasuwa ce, a bakin 'yan Kwari ta tsince ta. Gwaggo na ɗaga yaduka, ni kuwa na kasa haƙuri na tambaye ta mai muryar. Da guntun Hausa da guntun Turanci ta fahimtar da ni. Darasin koyon yare ne. 'Yarta ta auri mutumin Denmark, suna can. Tana da jika 'yar shekara huɗu, Rikke, wadda ba ta jin komai sai yaren ubanta. Duk Lahadi ana haɗa su ta waya, sai Mama Lin ta yi ta murmushi kawai, yarinyar ta gaji ta tafi wurin 'yar tsanarta.

"Yaren nan," in ji ta, "rubutu dogo, magana gajere. Suna haɗiye rabi. Sunan jikata ma, meiyo, babu shi a bakina. In na kira, ba ta juyowa."

Kwanakin sari

Na roƙi ta sake kunna min. Da na saurara da kyau sai na ji harafin farkon sunan ba a kan harshe yake ba, can ciki yake, kusa da inda muke fitar da gainun a karatu. Abin da nake fama da yara a kansa kullum ke nan.

Na kamo hannunta na ɗora a maƙogwarona na furta. Na sa ta kurɓi ruwa ta ɗaga kai ta kurkure. Sannan muka yi yadda ake yi a Islamiyya: a ji, a rufe ido, a biya, a sake biyawa. Kullum in Gwaggo ta tafi wurin masu tura kaya, ni ina shagon muna gurnani mu biyu. Da rana mu ci taliya da naman sa a gidan abincin Musulmi na ƙasan bene.

Wani ɗan kasuwa ɗan Zinder ya leƙo ya ce, "Malama, ruƙiyya ake yi ne?"

"Wuce, Alhaji, kar ya koma kanka."

Ranar Asabar harafin ya fara fitowa, amma da ƙyar, yana tangal-tangal. Mama Lin ta ce ba za ta faɗa ba sai ya gyaru, kar yarinya ta yi mata dariya.

Na ce, "Mama, a garinmu kaka abokiyar wasan jika ce. Ni da kakata har gwalo muke yi wa juna. In jikarki ba ta yi miki dariya ba, wa za ta yi wa?"

Lahadi

Bayan la'asar aka kira, can safiya ce. Na ga yarinya mai gashi kamar na masara da idanun kakarta sak, ta ba mu baya. Mama Lin ta matse hannuna, ta ja numfashi, ta saki sunan. Ya fito kamar an taka kwaɗo.

Yarinyar ta juyo. Ta ƙura ido, ta tuntsire da dariya, ta matso har hancinta ya cika wayar, ta faɗi sunanta a hankali kamar babbar malama. Kaka ta biya. Yarinyar ta girgiza kai, ta sake faɗa. Haka suka yi ta yi har shayin da Mama Lin ta zuba mana ya huce. Na waiga na ga Gwaggo tana goge ido da bakin mayafi.

"Gwaggo, ba soyayya muka zo ba fa."

"Ƙurar yadi ce, ja'ira."

Komawa

Muka taso ranar Talata, muka iso Kano lafiya, godiya ta tabbata ga Allah, da Gwaggo da ta ɗauke ni. Labule biyu masu ruwan zuma da Mama Lin ta cusa min a jaka suna ɗakina har yau.

Bayan wasu shekaru Gwaggo ta dawo daga sari ta ce wani ƙanen Mama Lin ne a shagon yanzu. Ita tana Denmark, ita ke raka Rikke makaranta. Ya ce har yau yarinyar na cewa kakarta ba ta iya sunanta ba, kuma kullum da safe, a kan hanya, sai an biya.