Ƙwan Zabi a Cikin Agogon Inna

A gidanmu na Ƙofar Kware ba a fara tatsuniya sai agogo ya zagaya. Da an sauke tuwo, garwashi na sauran ja a murhu, kakarmu Inna Tumba za ta kwance bakin zanenta ta fito da agogon hannun mijinta, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba. Fataucin fatun awaki ya yi, a wata tafiyarsa ya sayo shi. Inna ba ta iya duba lokaci ba, ladan da inuwar bango su ne agogonta. Amma kullum sai ta murɗa ɗan kan nan na gefe har ya yi tauri, sannan ta kara wa kowannenmu a kunne. Bugunsa sauri gare shi, kamar zuciyar ɗan tsako in ka riƙe shi a tafin hannu. Wanda ya ji sai ya yi shiru. Ni ne ba na haƙuri, yayata Luba kuwa sai an janye mata shi.

Akwai tatsuniyar da na fi tunawa. Wata tsohuwa za ta yi tafiya, ta bar wa maƙwabcinta kazarta tana kwance kan ƙwai. Kwaɗayi ya kama shi, ya soye ƙwan ya cinye. Da ya ji ta kusa dawowa sai ya shiga daji ya kwaso ƙwan zabi ya zuba wa kazar, yana cewa ai ƙwai ƙwai ne. Kaza ta ƙyanƙyashe, ta yi ta kiwo. Ran da fukafukansu suka yi ƙwari suka tashi fir, suka bar ta tana kira a bakin danga. A nan Inna kan tsaya ta nuna ni da tsinken tona wuta.

"Kai Bello, mai idon kwaɗai, da kai nike. Abin da anka ba ka, shi za ka maido, ba mai kama da shi ba."

Mukan yi dariya, har da ni.

Da Inna ta rasu, Yaya Luba aka ba agogon, don ita ta yi jinyarta. Shekara da shekaru tana murɗa shi a gidan aurenta a Arkilla. Bara ya fara jinkiri, sai ta kira ni, tun da ina tuƙa keke mai ƙafa uku na haya, kullum ina cikin gari. Ta ce in kai a wanke cikinsa a sa masa mai, amma ko ƙusa ɗaya kada a canza, ko gilashin da ya dushe a bar mata shi haka.

Ban kai ba. Ɗaura shi na yi, wata uku ina taƙama da shi a majalisa. Wata rana ina wanke keke ruwa ya shige shi, ya tsaya cak. Sannan na ruga wurin Mamman, abokina tun makarantar allo, mai gyaran agogo a wajen Sama Road. Ya buɗe, ya nuna mini wani zaren ƙarfe siriri kamar gashi da tsatsa ta kama. Ya ce samun irinsa sai an dace da tsohon agogo ɗan'uwansa, yana iya kai wata biyu. Ko kuma ya cire injin gaba ɗaya ya sa mai batir yanzu, daga waje ba mai ganewa. Wata biyu na nufin in gaya wa Yaya abin da na yi. Na ce ya sa mai batir. Ban ko tambayi tsohon injin ba.

Na kai mata bayan la'asar, yana ta ƙyalli. Ba ta dubi fuskarsa ba. Ta murɗa kan, ya yi ta juyawa fayau, ba tauri. Ta kara a kunne, ta daɗe. Ni ma daga inda nake na san abin da take ji, bugu ɗaɗɗaya, mai sanyi.

"Bello, ina ƙwan kazata?"

Abin da ta ce ke nan. Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye mini shi a kan tabarma ta shiga ɗaki.

Washegari na koma wurin Mamman. Ya rantse ya jefar da injin a shara. Daga baya maƙwabcin rumfarsa ya gaya mini tun ranar Mamman ya kira wani dillalin tsofaffin kaya ya sayar masa, kuma zaren nan goge shi kawai aka yi ya ci gaba da aiki. Mutumin da muka ci tuwo a akushi ɗaya. Na yi kwanaki ina jin zafinsa, har na zo kai ƙara wurin Yaya. A ƙofar gidanta na tsaya. Da wane baki? Ai ƙofar da na buɗe Mamman ya bi.

Ina yaro na ɗauka tsohuwar ce abin tausayi a tatsuniyar nan. Yanzu kazar nake tunawa, wadda ba ta taɓa zargin kowa ba. Yaya tana amsa gaisuwata, tana sa a zubo mini abinci, amma ko cefane ba ta ƙara aikena ba. Agogon yana aljihuna. Bai taɓa yin kuskuren minti ɗaya ba, kuma ban taɓa iya kara shi a kunne ba.