Kusun da Ya Fito da Rana Tsaka

Ko yanzu in na ga kusu ya gitta tsakar gida sai gabana ya faɗi, don akwai wata rana a gidanmu na Tawa da ba na jin za ta fita raina har in koma ga Allah.

Lokacin uwar maigidana, da muke kira Inna, ta baro Barmu ta dawo wurinmu saboda idonta ya yi rauni. Ba ta zo da kaya da yawa ba, sai akwatinta da wata mussa fara mai baƙin kunne. Madam take ce mata, wai don ba ta cin tuwon da ya kwana. Kullum in Madam ta kama kusu sai ta kawo bakin tabarmar Inna ta aje, Inna ta laluba ta shafa mata kai ta yi mata sannu da aiki, sannan Madam ta ɗauki abinta ta tafi ta ci. Tsohuwar da ba ta gani sosai, ba ta fita, wannan ita ce abokiyar hirarta.

Shekarar nan kusa suka yi mana yawa. Sun fasa buhunan hatsi, sun cinye cukun da na ɓoye, har gefen zanena na salla suka gutsura. Madam na kama ɗaya, goma na rawa. Na yi zancen maganin kusu, Inna ta ce muddin mussarta na gidan kada a shigo da shi. Na ce to. Amma da na je kasuwa sai na sayo abina a ɓoye. Na cuɗa shi da garin ƙuli-ƙuli, na kife shi da tsohuwar ƙwarya a ɗakin hatsi, na huda mata ƙofar da kusu kawai zai shiga, na danne da dutsen niƙa. Na fito ina jin duk unguwa ba mai wayona. Ai mussa ba za ta kai ga maganin ba, ko? Abin da ban yi tunani ba shi ne, wanda ya ci maganin yana da ƙafa.

Kwana huɗu bayan haka, ina dama fura wajen azahar, sai ga kusu ya fito daga ɗakin hatsi yana tangaɗi, yana tafiya yana tsayawa. Kafin in aje ludayi Madam ta dira a kansa. Ta kai shi bakin tabarma, Inna ta shafa ta, sannan ta juyo wajen da nake ta ce, “Ɗiyata, yau ko gudu ban ji ba. Wane irin kusu ne ke ba da kai da rana tsaka?”

In na yi magana, na tona kaina gaban surukata. In na yi shiru, ga Madam ta nufi ƙarƙashin gado da abin a baki. Na tashi, na zauna, na sake tashi. Can na ce, “Inna, na sa magani.”

Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi in kamo mata ita.

Kamun mussa mai kusu a baki, Allah kada ya haɗa ku da shi. Na shiga ƙarƙashin gado, ta fita ta taga. Na zagaya, ta haye katanga. Na taka turmi, zane na kwancewa, ina kiran Madam, Madam, kamar mai roƙon matar gwamna. Da na same ta bayan tulun ruwa tana lasar baki, wutsiya kawai ta rage.

Maƙwabciyata ta leƙo ta ce in ɗura mata nono. Inna ta ce a'a, likitan dabbobi. Na cusa Madam a buhun albasa mai raga, na hau kabu-kabu ba ko takalmi iri ɗaya a ƙafata, tana ta yakushina ta cikin buhu. Likitan ya tambayi wane magani ne. Ni da ban iya karanta Faransanci ba, Allah ya taimake ni ledar maganin na ƙulle a bakin zanena, don can na ɓoye ta. Ya duba, ya girgiza kai, ya sa ta yi amai, ya yi mata allura, ya ba ni ƙwayoyi. Ya ce irin wannan ba ya nunawa nan take, sai bayan kwanaki. In riƙa duba dasashinta, in ya yi fari in dawo a guje.

Kwanakin nan ban san zama ba. In dafa, in leƙa ta. In yi salla, in buɗe mata baki. Na kwashe maganin na binne, na bi lungu-lungu ina tsintar matattun kusa. Inna kuwa ba ta ce min komi ba, amma in na kai mata fura sai ta ce ta ƙoshi. Wannan ya fi min zagi ciwo.

Rana ta shida da hantsi Madam ta miƙe, ta tura tuwon jiya gefe, ta hau cinyar Inna. Inna ta daɗe tana shafa ta, sannan ta miƙo hannu ta ce in ba ta furar. Ta sha, ta ce, “Da kin yi shiru, da cewa zan yi kwananta ne ya ƙare. Da ban taɓa sani ba.”

Sai a lokacin na yi kuka.

Tun ranar maganin kusu bai sake shiga gidana ba. Na toshe ramuka da siminti, hatsi ya koma cikin tano, wato ganga mai marfi, sauran aikin na bar wa Madam. Abin da na koya shi ne guba ba ta zama inda ka aje ta, ko ka danne ta da dutse. In kuma ka yi ɓarna, faɗa da wuri, tun wutsiya ba ta rage ba.