Saƙon Tsohuwar Gindin Rimi

Jama'a, abin da zan ba ku wallahi a kaina ya faru, ba a majalisa na tsinto shi ba, kuma har yau in na tuna, haushi ne yake fara zuwa min kafin tsoro. Shekarun baya ne, lokacin ina aikin kago a Dubai, wato tura wa 'yan kasuwa kayansu gida, ma'ajiyarmu tana Ras Al Khor, ni da matata Rukayya da 'yarmu Ilham kuma muna zaune a Hor Al Anz, a wani fulat da muke rabawa da wani ɗan Katsina da iyalinsa. Duk wanda ya san kago ya san ba ka da ranar kanka. Wannan ya kira yana neman kwantenarsa, wancan ya ce atamfofinsa sun jiƙe, ga kuma masu cewa don Allah ɗan saƙo ne ka cusa min a kayan wani, su ne ma suka fi cin raina, don ɗan saƙon mutanenmu in ka je ɗauka sai ka tarar firji ne.

Rukayya ta gaji. Ta ce ta baro danginta a Kano ta zo tana zaman kallon ƙeyar mutum yana waya, ta kuma riga ta yi magana da yayanta zai yankar mata tikiti ita da Ilham, in na gama hidimar 'yan kasuwa sai in biyo su. Na san ba barazana ba ce, don na ga ta fara ninke kaya. Shi ne na rarrashe ta na nemo mana wani wurin hutawa a ɗaya daga cikin tsibiran nan da aka cike teku da yashi aka yi, inda suka dasa daji guda wai irin na ƙasashen da ruwa ba ya yankewa. Ta yarda, amma da sharaɗi: wayata a kashe a cikin jakarta, kuma in na yi maganar aiki ko sau ɗaya, khalas, shi ke nan ta tafi. Na ce na ji na yarda. Muka bar Ilham wurin matar ɗan Katsinan, ranar Asabar da safe muka hau jirgin ruwa.

Wurin kam an kashe masa dukiya, amma ni tun daga ƙofa raina ya fara ɓaci. Kukan tsuntsayen da kake ji daga lasifika yake fitowa, na ga wayar da idona a bayan wani dutse, dutsen ma na roba ne. Ruwan sama kuwa bututu ne aka ɓoye a cikin ganye, lokaci-lokaci sai a sake shi, Turawa suna ta murna suna ɗaga hannu. Ni da na taso a garin da ruwan sama yake rushe mana katanga kyauta, yau ni ne na biya a jiƙa ni. Amma na yi shiru, don Rukayya dariya take yi, irin dariyar da rabona da ji tun muna sabon aure, har da riƙe min hannu a gaban mutane. Na ce a raina to, in dai wannan zai sa a kwance akwatin nan, a yi ta jiƙa ni.

Bayan mun yi azahar mun ci abinci, ta ce za ta hau wata gadar katako ta ɗauki hoto, ni kuma ƙafafuna sun gaji, sai na nemi wuri na zauna. A tsakiyar dajin akwai wani rimi, shi kam na gaske ne, tsoho, saiwoyinsa sun tashi kamar katangar ɗaki. Na shiga tsakanin saiwa biyu na jingina, aka kuma saki ruwan bututun nan, ina cikin tsaki ke nan na ji an ce, "Sannu ɗan nan."

Da Hausa fa, Hausa tsantsa irin ta tsofaffin ƙauye. Na ɗago na ga wata 'yar tsohuwa a tsugune kusa da ni, ba takalmi, ta ɗaura baƙin zane na saƙi irin wanda rabona da gani tun kakata tana da rai. Na ɗauka mahaifiyar wani Alhaji ce da aka kawo asibiti aka biyo da ita shan iska. Na gaishe ta, ta amsa, sai ta ce, "Kai ne mai kai kaya gida?"

Wallahi ji na yi kamar in fashe da kuka don takaici. Na tsallaka teku, na kashe waya, na ɓuya a gindin bishiya, duk da haka sai da aka gano ni. Na ce, "Iya, yau ba na aiki, ki yi haƙuri."

"Ɗan saƙo ne, ba shi da nauyi."

Kun ji fa, ita ma kalmar ke nan. Na leƙa na hango Rukayya ta juyo tana saukowa daga gada, hankalina ya tashi, ba abin da nake so sai in rabu da tsohuwar nan kafin ta iso. Na miƙa hannu na ce, "To Iya, kawo, kawo. Wane gari za a kai, wa za a ba?" Ta ɗora min kwanson rimi guda a tafin hannu, busasshe, ta ce, "Kai dai ka sa shi a hanyar gida, ya san sauran. Mun daɗe a nan, ƙasar nan gishiri gare ta, ba ma samun barci." Sai a lokacin na lura ruwa yana zuba a kaina yana bin wuyana, ita kuwa ko ɗigo babu a zanenta.

"Baban Ilham, da wa kake magana?"

Rukayya ce a tsaye a kaina. Na juya in nuna mata, ba kowa, saiwa ce kawai da ganyaye jiƙaƙƙu. Na zagaya bayan bishiyar, na dawo, na sake zagayawa, ita tana tsaye tana kallona ta riƙe ƙugu. Ta ce da kunnenta ta ji na ce kawo, ta ji na ce wane gari za a kai, don haka in fito da abin kunnen nan na waya da na ɓoye. Haba jama'a, sai ga ni babba da ni ana leƙa min kunne a tsakiyar daji, ana lalube min aljihu. Na rantse, na kuma rantsewa, na nuna mata kwanson, ta ce ai ga irinsa nan a ƙasa duk wanda ya so ya tsinta. Ta ce da ma ƙaryar tawa ta yi tsari da sauƙi, amma wai tsohuwa. Ta juya ta tafi ɗaki.

Hutun da aka zo yi ke nan ya ƙare. Ta ƙi cin abinci tare da ni, ta ƙi kallona, ni kuma haushi biyu yana cina, na farko ban yi laifin ba, na biyu duk wanda zan ba wa labarin shi ma dariya zai yi min. Washegari da hantsi na fita ni kaɗai, na ci karo da wani mai gyaran bututun ruwan, na ji yana 'yar waƙa da Hausa, ashe mutumin Kafanchan ne, sunansa Bitrus. Na tambaye shi ko akwai wata tsohuwa Bahaushiya cikin baƙi, ya ce shi bai ga ko ɗaya ba. Na tambaye shi rimin, ya ce ai da girmansa aka kawo shi a jirgin ruwa, da saiwarsa da ƙasarsa, amma daga ina, bai sani ba. Sannan ya ce, "Oga, ni dai in aiki ya kai ni gindinsa, ba na zuwa ni kaɗai. Wani abu aka ba ka?" Na ce e. Ya ce, "Ka karɓa?" Na ce na karɓa. Ya kalle ni, ya sunkuya ya ci gaba da ɗaure bututunsa.

A jirgin ruwan komawa na ciro kwanson daga aljihu, na ce Rukayya ki gani, na wurga shi cikin teku da duk ƙarfina, muka ga ruwa ya tafi da shi. Ta ce wannan kuma matsalarka ce. Cikin satin nan yayanta ya turo tikiti. Na roƙa, ɗan Katsina ya roƙa, matarsa ta roƙa, ina, ta ce ta ba ni dama na watsar. Ni na kai su filin jirgi, Ilham tana ɗaga min hannu, uwarta ko waiwaye. Na koma fulat na zauna a bakin katifa ina zagin tsohuwar nan a raina, don ita ta raba ni da iyalina a banza.

Washegari da rana ina ma'ajiya ana loda kwantena sai ga kiran Rukayya. Ko gaisuwa babu, ta hau ni da faɗa, wai ashe ko tafiyar tata sai da na mayar da ita aikin kago, wace tsohuwa ce na haɗa ta da ita ban faɗa mata ba? Na ce wace tsohuwa kuma? Ta ce wadda ta zauna kusa da su a jirgi mana, mai baƙin zane, ko takalmi ba a saya mata ba, ba ta ci komai ba har aka sauka, sai wasa da Ilham take yi, tsohuwar ta ce mata mijinki ne ya sa ni a hanya. Da suka fito a Kano ta waiga ta taimaka mata, ba ta gan ta ba.

Na ce, "Rukayya, maimaita min zanen."

Ta fara maimaitawa, sai ta tsaya a tsakiya. Ashe tana maganar tana buɗe akwati ne. Ta ce kayan Ilham duk a jiƙe suke suna warin teku, ga kwanson rimi a samansu ya tsage biyu, ba komai a cikinsa. Can ta ce da wata 'yar ƙaramar murya, "Baban Ilham, ta ba ni saƙo. Ta ce a gaya maka ta gode, kuma ta faɗa wa sauran cewa kana karɓa."

Rukayya ba ta sake taka Dubai ba, kuma ba don fushi ba. Ta ce in ina son su in taho, kada in zo da kayan kowa. Na miƙa aikin ga abokin harkata na haɗa jaka ɗaya tak, a filin jirgi mutanenmu suka yi ta bina da 'yan ledoji, na ce wallahi ko allura ba zan ɗauka ba, har wani ya ce na yi girman kai. Jirgin ya cika maƙil, amma kujerar da take kusa da ni ba kowa, har na ji daɗi zan miƙe ƙafa. Da aka zo rabon abinci, ma'aikaciyar ta ajiye min nawa, ta buɗe teburin kujerar nan ta ajiye wani, ta yi wa wurin murmushi ta wuce. Ban ci ba, ban juya ba, ina ta karanta duk addu'ar da na iya har muka sauka.

Ni ban san mene ne ba, ban kuma je neman sani ba. Muna nan Kano lafiya da iyalina, sai dai har yau Ilham takan tambayi ina Iyar jirgi, uwarta ta ce ta rufe mana baki. Shawarata gare ku, in kun je irin wuraren nan ku ji daɗinku, amma kada ku jingina da tsohuwar bishiyar da ba ku san inda aka ciro ta ba. Kuma duk yadda mutum ya dame ku, kada ku miƙa hannu ku ce kawo don kawai ku rabu da shi.