Katin Talatu

Har in koma ga Ubangijina ba na jin zan manta da Larabar da aka ce a ɗauki Talatu a kai ta babban asibiti. Ku da aka ɗauka aiki bana kuna jin ana ce mani Inna Kande uwar Talatu, kuna dariya ba ku san mafari ba. To ga shi, ni na faɗa aka rubuta, don ban taɓa zama aji ba.

Atenda ce ni a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi tsakanin Kankia da Kusada. Ga wanda bai sani ba, incaji shi ne shugaban asibiti, ƙarƙashinsa malaman jinya, can ƙasa kuma atenda. Aikina shara da wankin ɗakuna, da jera mata ranar awon yara, da mayar da kati cikin akwati. Kowane yaro kati biyu gare shi: ɗaya uwar ta tafi da shi, ɗaya ya zauna wurinmu. Ban iya karatu ba, amma na san launi. Kore na yara, ja na masu ciki. Shekara ashirin da ɗoriya ban taɓa karɓar takardar gargaɗi ba, kuma a lokacin saura wata biyar in yi ritaya. Burina in fita da sunana fes.

Sai aka kawo mana Marta. Yarinya ce Kirista daga Habasha, ta karanci jinya, cocinsu ya turo ta aikin sa-kai na shekara guda. Liman ya ce a riƙe ta da mutunci, ƙasarsu ta taɓa ba sahabbai mafaka. Aka ba ta ɗaki bayan asibiti. Da asuba takan yafa farin mayafi ta tsaya tana addu'arta, ran Lahadi ta bi motar Katsina zuwa coci, sauran kwanaki tana kan sikeli tana awon yara, tana koyon Hausa a bakin uwayensu. Wata uku ina sa mata ido. Ban kama ta da laifi ba, in ban da yawan murmushi.

Farkon bazara wata mata daga Rimaye, Uwani, ta kawo mata kaza, don Marta ta yi jinyar ɗanta da ya ƙone har ya warke. Ran Talata ce. Marta ta rungumi kazar, ta ce tunda an koya mata ana sa suna da rana, wannan Talatu ce. Bayan mako Uwani ta dawo wankin ciwo, ta tarar da kazarta tana tono a gindin dalbejiya. Ta ja ni gefe.

"Inna, baƙuwar nan ba ta yanka ba?"

"Idonki ya gaya maki."

"Ta raina ke nan."

A wurinmu in ka ba baƙo kaza, miya ka ba shi. In ka dawo ka same ta da rai, ya ce maka kyautarka ba ta kai ba. Uwani ta koma ta kawo zakara. Matan ƙauyen Ƙofa, maƙwabtan Rimaye, suka ji wai an raina kajin Rimaye, suka ce ai dama, suka zo da zabi biyu. Rimaye ta rama da agwagwa. Ƙofa ta kawo akuya. Ran wata Juma'a matar wani mai unguwa ta aiko da rago, aka sa mashi Ɗanjuma. Kowanne Marta sai ta durƙusa ta yi godiya, ta raɗa suna, ta sake shi. Ko ƙwai ba ta taɓawa, sai kaji suka shiga ƙyanƙyasa.

Ni na riga na yanke hukunci a raina: ƙyamar abincinmu take. Ban tambaye ta ba. Babba ba ya bin yaro yana cewa me ya hana ka ci.

Wata Litinin incaji, Malam Sabi'u, ya tsallake agwagwa a ƙofar ɗakin allura, ya kira ni.

"Inna, nan asibiti ne ko kara?"

"Ni na sayo su?"

"Ba ke kika sayo ba, amma jibi sufeto zai zo daga ƙaramar hukuma. Ko kashin kaza ɗaya ya gani, ba sunan Marta zai rubuta ba. Ba ma'aikaciyarsa ba ce. Naki zai rubuta."

Ran Talata da la'asar na kora rundunar nan gaba ɗaya zuwa gidana, rago a gaba, 'yan tsaki cikin kwando. Marta tana biye tana ba su haƙuri. Da safe aka tura ta rigakafi Ƙofa tare da wata malamar jinya, ni kuwa na wanke asibitin nan har bango. Da na zo teburinta sai na ga korayen kati tuli guda, gefensu duk ruwa ya taɓa. Na ce ka ji yaran zamani, katin 'ya'yan mutane a yashe. Na kakkaɓe su, na jera su cikin akwatin yara daga gaba, na rufe.

Sufeto ya iso da hantsi, wani Alhaji Lawal, dogo, ba ya dariya. Ya shafa taga da yatsa ya duba. Ya leƙa makewayi, ya leƙa ramin ƙona shara. Bai ga abin kushewa ba, na san na ci. Daga nan ya zauna duba kati. Ƙa'ida ita ce ya zari kaɗan ya karanta, ya ga ko ana cikewa daidai. Ya zari na farko a gaba. Ya karanta, ya cire tabarau, ya mayar.

"Malam Sabi'u, wace ce Talatu ta Rimaye?"

"Talatu suna da yawa, ranka ya daɗe."

"Wannan watanta bakwai, nauyinta kilo ɗaya da rabi. An rubuta abincinta tsaki da gara. An rubuta a kan bishiya take kwana. An rubuta Uwani ta kawo ta ta tafi ta bar ta, yau mako shida. Kuma kana zaune?"

Sufeto ya zari na biyu.

"Ɗanjuma. Shekara ɗaya, kilo talatin. Ya tunkuyi mai gadi." Ya aje katin a hankali. "Wanga yaro ko daga baya. Yarinyar nan yanzu za a sa ta a motata a kai babban asibiti. Wa ya san inda take?"

A nan na gane katin da na jera ne da safe. In na yi shiru, motar hukuma za ta tafi Rimaye neman Uwani a kan ta yar da ɗiya. In na yi magana, na tona da bakina cewa asibiti ya yi mako shida yana kiwo, ni kuma na cusa dabbobi cikin 'ya'yan mutane. Na tuna wata biyar ɗin nan. Na tuna Uwani.

"Tana gidana, ranka ya daɗe."

"Ɗauko ta."

Na je na ɗauko ta a hammata, na rufa mata gefen zani saboda rana. Na shigo na aje ta kan tebur. Talatu ta dubi sufeto da ido ɗaya, ta juya ta dube shi da ɗayan.

Daidai nan Marta ta dawo da akwatin rigakafi a kafaɗa. Ta ga kaza, ta ga kati, ta dafe kai. Da guntuwar Hausarta ta ce laifinta ne, katin da ruwa ya ɓata ne aka ware za a ƙona, ta ɗauka tana rubuta wanda ya kawo me. Na ce a'a, ita ta rubuta, amma ni na zuba a akwati, kada a raba mani laifina.

Sufeto ya ce, "Ke kuma me ya hana ki yanka ki ci?"

"Azumi nake, Baba. Kwana hamsin da biyar. Ba nama, ba ƙwai, ba nono, sai idinmu ya zo. Na rubuta ne don ranar idi in aika wa kowa rabonsa."

Na ce, "'Yar nan, shi ne ba ki faɗa ba?"

"An koya mana mai azumi ba ya shela, Inna. Ke ma ba ki tambaya ba."

Sufeto ya miƙe ya ɗauki Talatu da kansa, ya ɗora ta kan sikelin yara. Ya duba allura, ya duba kati.

"Kilo ɗaya da rabi cif. Malam Sabi'u, tun da na fara wanga zagaye, yau na ga katin da nauyinsa ya yi daidai da mai shi." Ya buɗe littafinsa yana rubutu yana faɗa: "Tsafta ta yi. Ba a samu dabba a asibiti ba, sai guda ɗaya da sufeto ya sa aka kawo." Ya dube ni ta saman tabarau. "Hajiya, daga yau ba ki sa kati a akwati sai an karanta maki sunan, kin ga mai sunan da ƙafa biyu."

Na ce, "Talatu ma biyu gare ta."

"To, da hannu biyu."

Ban samu takardar gargaɗi ba. Kafin la'asar na gaya wa Uwani azumi baƙuwa take, kafin Juma'a Rimaye da Ƙofa duk sun ji. Aka daina kawo dabbobi. Sai ƙosai da kunu suka fara zuwa kowace magariba, wai buɗa-baki, har mai gadi ya yi kumatu. Da idinsu ya zo, Marta ta roƙi Malam Sabi'u ya yanka Ɗanjuma da hannunsa don kowa ya iya ci, ta bi katin nan ɗaya bayan ɗaya ta aika wa kowane gida. Talatu ce kawai Marta ta ce ba za ta iya bari a yanka ba. Ran da za ta koma ƙasarsu ta miƙa mani ita da katinta.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu shigowa: na yi shekara ashirin ina taƙama ba abin da ke wuce idona, kuma gaskiya ne, ba abin da ya wuce. Na ga kaza da rai, na ga kati kore. Amma mako shida ina kwana ina tashi da yarinya mai azumi ina ce mata mai ƙyama, don girman kai ya hana ni tambaya ɗaya. A aikin nan ido rabi ne, sauran a bakin mutum yake. In mace ta ƙi shan magani, ko ta daina kawo ɗanta awo, kada ku rubuta taurin kai. Ku jawo kujera ku ce me ya hana.

Jikokin Talatu suna nan gidana. Wanda ya zo gaishe ni zan yanka mashi ɗaya, kuma a gabana zai cinye.